Karen Bola da Karen Gida: Wanne Ya Fi Cizo?

Da zarar an ce kare ya ciji yaro a unguwa, kafin magariba matasa sun fito da gora da duwatsu, wasu kuma su barbaɗa guba a bola. An riga an yanke hukunci: karen titi mahaukaci ne, na gida mai ladabi. Wannan gurguwar fahimta ta sa muke ta kashe karnuka, ciwon haukan kare kuma yana nan daram.

Karen titi ya san mutum sarai, domin da ragowar abincinmu yake rayuwa. Garke-garke suke zama a gefen mayanka, kasuwa da juji, kowa ya san na gaba da shi, yawancin rigimarsu kuma a gurnani take ƙarewa. Ka sunkuya kamar za ka ɗauki dutse, ya ranta a na kare. Ba ya cika kai cizo sai an ritsa shi, ko yara sun ishe shi da jifa, ko lokacin barbara, ko karya tana gadin 'yan kwikwiyonta.

Na gida fa? Yana wuni a ɗaure da sarƙa cikin rana, bai saba da baƙuwar fuska ba, ba shi da wurin gudu. Irin wannan ne ke damƙe almajiri a zaure. Da dare a kwance shi, ya shiga gari, gobe a kira shi "na titi".

Ainihin abin tsoro shi ne ciwon haukan kare, wanda ke bin yawu ya shiga jiki ta cizo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Bai ware na gida ba, allurar rigakafi kaɗai ke tare shi.

Kisan karnuka tamkar kwarfe rijiya mai ido ne: muddin bola na nan, wasu za su cike gurbin, su ma ba allura. Amma in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, yaɗuwar cutar na tsinkewa. A Vom, Jihar Filato, ana sarrafa allurar. Abin takaici, hukumomi ba sa tunawa da ita sai 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, a yi ta jawabai.

Wanda kare ya ciza, ko da na gidansu ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, a garzaya asibiti. In alamun cutar suka bayyana, da wuya a tashi.