Jarfa a cikin hanji: neman tawadar da za ta tsaya inda aka ɗiga ta

Likitan da ke tsaga ciki yana da wani abin dogaro bayan idanunsa, wato yatsunsa. Idan ƙari ya ɓuya a babban hanji, sai ya bi hanjin yana lallatsawa har ya ji tauri. Tun da aka fara yanke babban hanji ta ƙananan huji a Amurka a 1991, wannan dama ta ragu ƙwarai, domin kyamara da dogayen ƙarafa ne ke shiga ciki, hannu yana waje. Majinyaci ya ci riba: tabo ƙarami, raɗaɗi kaɗan, sallama da wuri. Sai dai ƙaramin tsiro da ke cikin hanji ba ya nuna kansa daga bayan hanjin, kuma bayan ne kaɗai kyamarar ke gani.

Wanda ya ga tsiron da idonsa galibi wani likita ne daban, wanda ya zura na'urar leƙa hanji kwanaki ko makonni kafin tiyata. Zai iya rubuta cewa abin yana santimita kaza daga dubura, amma awon ba abin rantsuwa ba ne. Babban hanji ya kai kusan mita ɗaya da rabi, yana miƙewa yana takurewa, yana kuma lanƙwasa na'urar. Idan aka yi kuskure, ana iya yanke sashe mai lafiya a bar mai cutar, ko a koma tsaga cikin da aka yi niyyar kauce wa.

Maganin da likitoci suka samo shi ne jarfa. A 1975, Ponsky da King suka bayyana yadda ake cusa tawadar Indiya a bangon hanji ta cikin na'urar, baƙin ya fito ta baya inda mai tiyata zai gani. Akan yi allurar 'yan santimita ƙasa da tsiron, a wurare biyu zuwa huɗu kewaye da hanjin, don kada alamar ta faɗa gefen da kitse ya rufe. Tawadar Indiya ta rubutu ce, tana ɗauke da sinadaran da ke kumbura nama, don haka daga baya aka samar da tsaftataccen ruwan ƙwayoyin gawayi na asibiti, wanda aka fi sani da Spot.

Wannan ma bai raba gardama ba. Kaurin bangon hanji 'yan milimita ne. Allura ta zarce kaɗan, sai tawada ta malala cikin ciki ta baƙanta komai, mai tiyata ya rasa inda alamar gaskiya take, ya kuma kasa bambance shimfiɗun naman da zai bi. Wani lokaci, ko da yake ba kasafai ba, takan jawo ƙurji ko mannewar hanji. Idan kuma ta shiga ƙarƙashin tsiron, takan taurara wurin, cire shi da na'ura ya yi wuya. Dabarar fara kumbura wurin da ruwan gishiri kafin a sa tawada ta rage ɓarnar, amma ta dogara ga gwanintar hannu.

An gwada shuɗin methylene, ya kan dushe cikin kwana ɗaya ko biyu. A Koriya ta Kudu an gwada jinin majinyacin kansa, wanda jiki ba ya ƙyama. A Japan an ƙera 'yan maƙalai masu ƙyalli da ake ɗamewa a cikin hanji. Wanda ya fi jan hankali shi ne koren ICG, rinin da Amurka ta amince da shi tun 1959: idan aka haska shi da wani haske da ido ba ya gani, yakan yi walƙiya a allo ba tare da ya ɓata fili ba. Aibinsa shi ne yana bazuwa, yana kuma ɓacewa cikin 'yan kwanaki, ga shi yana buƙatar kyamara ta musamman mai tsada.

Duk wanda ya taɓa zama a makarantar allo ya san sirrin da masu bincike ke bi yanzu. Baƙin gawayi shi kaɗai ba ya zama a allo, sai an haɗa shi da ƙaro. Sababbin kayan haka suke: launi ko ƙyalli a gefe guda, da wani abu mai danƙo da jiki ke karɓa a ɗaya gefen. Ana gwada sinadarin hyaluronic da ke cikin gaɓoɓinmu, da chitosan da ake samu daga ɓawon jatan lande, da wani ruwa da ke daskarewa idan ya ji ɗumin jiki. A 2022, masu bincike daga Jami'ar Jihar Arizona da asibitin Mayo sun gabatar da tawada mai manne wa naman hanji, suka ce tabonta ya fi na tawadar kasuwa ƙanƙanta. A kan hanjin alade da ɓeraye suka gwada ta, kuma tsakanin ɓera da ɗakin tiyata akwai shekaru. Bai kamata a ɗauki labarin a matsayin magani da ya iso ba.

Ga ma'aikacin da ke Abuja, inda maganar ta shafe shi shi ne tazarar lokaci. Akan leƙa hanji a wannan asibiti, a jira sakamakon gwajin nama, a jira amincewar kamfanin inshorar lafiya, sannan a yi tiyata a wani asibitin, watakila ma a wata ƙasa. Rinin da ke ɓacewa cikin mako guda ba zai jure wannan jira ba, shi ya sa gawayi, da duk aibinsa, yake nan daram, domin yana shekaru bai goge ba. Wanda aka samu tsiro a hanjinsa yana da haƙƙin tambaya ko an yi alama, da me aka yi ta, a wane gefen tsiron, kuma a rubuta amsar cikin rahoto tare da hoto. Tsiron da ke farkon babban hanji ko dab da dubura yawanci ba a yi masa jarfa, saboda wurin a bayyane yake ga mai tiyata.