Kwarkwaron zare bayan zaren ya ƙare

Duk wanda ya leƙa shagunan telolin Fagge a Kano ana jajiberin Sallah zai ga ƙasa cike da ƙyallaye da kwarkwaron zaren da aka gama da shi. Da safe yaron shago ya share, ya kai juji. Alhali wannan ɗan abu mai rami a tsakiya da baki biyu masu faɗi ya taɓa riƙe masana'antu sukutum.

A arewa maso yammacin Ingila akwai masana'antar Stott Park, wadda aka gina a 1835 don sassaƙa kwarkwaron katako ga masaƙun Lancashire. A lokacin da take tashe tana fitar da kusan 250,000 a mako. Da na roba ya shigo kasuwa da arha sai ciniki ya mutu, aka rufe ta a 1971, yanzu gidan tarihi ce. Shi ya sa na katako ya zama abin nema a wurin masu tara tsoffin kaya a Turai da Amurka.

Yara ma sun gane amfanin kwarkwaron da zarensa ya ƙare. A 1914, Charles Pajeau, wani mai sassaƙa duwatsu a Evanston ta jihar Illinois, ya fito da kayan wasan Tinkertoy bayan ya ga yara suna cusa fensir da tsinke a ramin kwarkwaro suna haɗa gine-gine. Yaran Ingila kuwa tankar yaƙi suke yi da shi. Za a zura robar ɗaure kuɗi ta cikin ramin, a tokare ta da guntun tsinken ashana a gefe ɗaya, a ɗaya gefen a sa ɗan yankin kyandir mai huda sannan fensir. In aka murɗa fensirin aka ajiye a ƙasa, robar tana warwarewa kwarkwaron yana rarrafe. Aikin kyandirin shi ne sa santsi, ya kuma hana robar warwarewa a lokaci guda.

Ga masu saƙa, ƙusa huɗu sun wadatar. A kafa su kewaye da ramin, a riƙa naɗa ulu ana ɗaga madauki da kwarashi, sai igiya saƙaƙƙiya ta riƙa fitowa ta ƙasa. Da ita ake yin hannun jaka, ko a naɗe ta a ɗinke ta zama shimfiɗar ɗora kofi. Sai dai dabarar ta fi dacewa da na katako, don na roba yakan tsage in an buga masa ƙusa.

Na robar ma ba a rasa masa aiki. Ana naɗe ragowar ribin da roba da leshi a jikinsa don kada su cukurkuɗe, haka wayar sauraro ta kunne. In aka kafe shi a bango da doguwar ƙusa ya zama marataya, kuma bakinsa mai faɗi ba ya huda wuyan riga kamar tsurar ƙusa. Dogayen nan masu tsini na keken aiki suna ɗaukar awarwaro da zobba a kan madubi. Wasu na maye mariƙin murfin tukunya da kwarkwaro, amma wannan sai na katako, na roba narkewa yake yi in zafi ya yi yawa.