Amour: soyayya a gadon jinya

Mu 'yan Fagge da Sabon Gari, finafinan Indiya ne suka koya mana soyayya: waƙa, rawa, biki, shi ke nan. To, Amour daban ne. Michael Haneke ɗan Austriya ya shirya shi da Faransanci a 2012, ya ci Palme d'Or a Cannes. Jean-Louis Trintignant da Emmanuelle Riva ne tsofaffin ma'auratan. Ɓarin jikinta ya shanye, shi ke ɗaga ta, shi ke ba ta abinci. Da ya gaji, ya danne ta da filo ta mutu. Wannan kam kisa ne, ban yarda ba. Amma wallahi sai na tuna dattijon layinmu mai jinyar matarsa shi kaɗai, mu matasa ko leƙawa ba ma yi.