Na'urar Auna Matsin Hayaƙi a Motar A-kori-kura Mai Shan Dizal

Duk injin da ke ƙona mai dole ne ya fitar da hayaƙi. Hayaƙin nan kuwa ba ya fita salin-alin. Kafin ya kai bakin salansa sai ya ratsa bututu da kwanoni da farfelar turbo, kowanne yana ɗan tare masa hanya, har ya taru a baya yana tunkuɗar injin. Wannan tunkuɗa ita ake nufi da matsin hayaƙi. A wasu injunan dizal, wato man da ake kira gas a Nijeriya, gazuwal a Nijar, akwai wata ƙaramar na'ura da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, wadda aikinta shi ne auna wannan matsi ta sanar da kwamfutar mota. A littattafan gyara ana taƙaita sunanta da haruffa uku, EBP.

Motocin da suka fi yin suna da wannan na'ura su ne manyan a-kori-kura na kamfanin Ford a Amurka, F-250 da F-350, masu injin Power Stroke. Kamfanin Navistar ne ya ƙera wa Ford injunan farko na wannan suna: mai lita 7.3 daga 1994 zuwa 2003, sai mai lita 6.0 daga 2003 zuwa 2007. Dukansu silinda 8 gare su. An daɗe da daina ƙera su, amma manoma da magina da masu jan tirela suna ci gaba da aiki da su, saboda haka gyaransu bai fita daga hannun kanikawa ba.

Amfanin na'urar ya bambanta tsakanin injunan biyu. A mai lita 7.3 akwai wani bawul a mafitar turbo wanda ke rufe hanyar hayaƙi da gangan idan gari ya yi sanyi, domin injin ya yi aiki da wahala ya ɗumama da wuri. A jihohi irin su Alaska da Minnesota, inda mota kan kwana cikin ƙanƙara, wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Kwamfuta tana duba abin da na'urar ta auna don ta san iyakar da za ta rufe bawul ɗin. A mai lita 6.0 kuwa aikin ya fi haka nauyi. Turbo ɗinsa yana da 'yan fikafikai a ciki masu buɗewa da tsukewa, akwai kuma wani bawul da ke mayar da ɗan hayaƙi cikin injin don rage gurɓata iska. Lissafin duka biyun yana buƙatar sanin matsin hayaƙi.

Na'urar ba ta iya jure zafin hayaƙi, don haka ba a ɗaura ta kai tsaye a jikin manifol, wato ƙarfen da ke tattara hayaƙin silindoji. An sa ta can nesa kaɗan, aka haɗa su da wani siririn bututun ƙarfe mai kaurin fensir. A mai lita 7.3 bututun yana tasowa daga manifol na gefen fasinja zuwa gaban injin, a mai lita 6.0 kuma daga gefen direba. A nan fa matsalar take. Bututun nan ba ya ɓullewa ko'ina, a jikin na'urar ya ƙare. Hayaƙin dizal yana ɗauke da kunkunniya da danshi, kuma tun da babu iskar da ke ratsawa ta share su, sai su zauna a ciki shekara da shekaru, su daskare kamar gawayi. Wani lokaci kuma tsatsa ce ke cin bututun har ya huje. Ko wanne ya faru, na'urar lafiyarta lau, abin da ya iso gare ta shi take faɗa, amma abin da ya iso ɗin ba shi ne ke cikin manifol ba.

Direba yakan ji abin a ƙafarsa tun kafin fitilar gargaɗi ta kama. Mota tana rasa ƙarfi a hawa, tana shan mai fiye da yadda ta saba. A mai lita 7.3 bawul ɗin kan iya zama a rufe fiye da kima, salansa ta riƙa huci mai ƙara, a taka totur motar ta ƙi ja. A mai lita 6.0 turbo kan riƙa tashi yana faɗuwa, motar tana fizga, wani lokaci da baƙin hayaƙi. Idan aka jona na'urar bincike, lambobin da aka fi gani su ne P0470 da P0471, masu nuna cewa awon bai yi daidai ba, sai P0472 idan saƙon ya yi ƙasa sosai, da P0473 idan ya yi sama sosai. Lambar tana nuna unguwar da matsala take ne kawai, ba ta nuna gidan. Bakaniken da ya ga P0470 ya garzaya ya sayi sabuwar na'ura ya ɗaura a kan toshasshen bututu, kuɗin mai mota ya zubar, kuma ba da jimawa ba motar za ta dawo masa.

Gwajin farko ba ya buƙatar sufana. Ana murɗa makulli ba tare da an tayar da injin ba. Tun da babu hayaƙi a wannan hali, abin da na'urar za ta auna shi ne nauyin iskar duniya kawai, wanda a bakin teku ya kai psi 14.7, a birnin Denver kuwa, mai tsayin kimanin mita 1,600, bai wuce kusan 12 ba. Motar tana da wasu na'urori biyu da su ma a lokacin iskar duniyar suke aunawa, ɗaya ta yanayi, ɗaya ta hanyar shigar iska cikin injin. Ya kamata bakin ukun ya zo ɗaya, bambancin kada ya wuce kimanin rabin psi. Idan ta hayaƙi ta yi hannun riga da sauran biyun, to ita ko wayarta ake tuhuma. Idan kuwa sun daidaita, sai a tayar da injin a taka totur. Awon da ya tsaya cik, ko wanda ke hawa da sauka a makare, bututu yake nunawa.

Wayoyin na'urar uku ne: ɗaya tana kawo mata volt 5 daga kwamfuta, ɗaya ta ƙasa ce, ta uku ke mayar da saƙo. Ana duba soket ɗin ko ya yi tsatsa, ko zafi ya ƙona robarsa, ko wata waya ta goge a jikin ƙarfe. Akwai wani abin da ke ruɗa masu koyo. Layin volt 5 ɗin nan ba nata ba ne ita kaɗai, wasu na'urorin injin suna sha daga gare shi. In ta ƙone daga ciki ta janye wutar, sauran sai su makance tare da ita, injin ya mutu ko ya ƙi tashi. A irin wannan hali, da zarar an zare soket ɗinta mota ta tashi, an kama mai laifi.

Wanke bututun shi ne babban aikin, kuma haƙuri yake so. Sai injin ya huce. Notin da ke gefen manifol ya sha wuta da tsatsa, saboda haka ana jiƙa shi da man sassauta tsatsa a bar shi ya sha, in da hali ya kwana, domin in aka tilasta masa bututun ne zai murɗe ya karye. Bayan an cire, ana zura waya mai lanƙwasuwa, kamar wayar birkin keke, ana jujjuyawa har kunkunniyar ta farfashe, a fesa ruwan wanke kafireto, a bi da iskar kwamfuresa har ta fita ɗaya bakin ba tangarɗa. Ramin da ke jikin manifol shi ma sai an tsokale shi, don sau da yawa a nan toshewar ta fi tauri, kuma shi aka fi mantawa. Ita na'urar kanta ba a zura mata waya ko allura, saboda a cikinta akwai wani ɗan faifai mai laushi da ke jin matsi, in ya huje ta tashi daga aiki. Bututun da ya huje ko ya ƙi buɗewa canza shi ake yi.

Idan an mayar da komai, ana goge lambobin daga kwamfuta, a sake gwajin makulli, sa'an nan a fita da motar kan hanya ana kallon awon yana hawa idan an taka totur, yana sauka idan an ɗaga ƙafa.