Launi da Maƙwabcinsa: Yadda Ake Horar da Idon Yaro a Firamare

A manhajar firamare ta Najeriya akwai darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, kuma a cikinsa ne ake fara yi wa yara bayanin launuka. Yadda aka saba koyar da shi a makarantun karkara ba ɓoyayye ba ne. Malami ya rubuta a allo cewa launukan asali uku ne, ja da rawaya da shuɗi, yara su maimaita da ƙarfi, su kwafa a littafi, a kaɗa ƙararrawa. In ka tambaye shi abin da ya hana a gwada da hannu, zai ce babu fenti, babu takarda, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai yaron ƙauyen Kagara da ya haddace wannan jimla daga gidan da ake rufe ƙwarya da faifai mai zoben ja da baƙi ya fito. Da rani kuma, albarkacin ruwan madatsar Goronyo da aka kammala a 1984 a kan Gulbin Rima, kullum yana ganin gonar albasa kore shar a gefen busasshiyar ƙasa. Kayan darasin suna kewaye da makarantar, shigo da su aji ne ya rage.

Abin da ya kamata malami ya fara riƙewa shi ne, ido ba ya ganin launi shi kaɗai, tare da na kusa da shi yake auna shi. Wani da ya bi diddigin wannan da kyau shugaban marina ne. A 1824 aka ba wani masanin sinadarai Bafaranshe, Michel Eugène Chevreul, kula da rini a masaƙar Gobelins da ke Paris. Masaƙa suka kawo kukan cewa baƙin zaren da ake ba su bai kama rini ba. Ya gwada zaren ya iske lafiya lau yake. Shuɗi da shunayya da ake saƙawa kusa da shi ne suke sa ido ya gan shi kamar ya koɗe. A 1839 ya fitar da littafi a kan lamarin, kuma har yau masu koyon zane suna cin gajiyarsa.

Ana iya maimaita bincikensa a aji uku ba tare da an kashe ko kwabo ba. A roƙi telan unguwa ƙyallayen da yake zubarwa. A yanka ƙyalle ɗaya ruwan toka gida biyu, a ɗora rabi a kan baƙi, rabi a kan fari, a tambayi yara wanne ya fi haske. Kusan duka za su nuna na kan baƙin. Sai a ɗauko yankunan biyu a haɗa su gefe da gefe, su ga ashe abu ɗaya ne. A nan malami ya yi haƙuri, kada ya yi saurin bayani. Ya bar su su yi gardama, su karɓi ƙyallen su sake gwadawa da kansu, domin wannan mamakin shi ne rabin darasin.

Dalilin yana cikin ido. A bayan ƙwayar ido akwai ƙananan sassa iri uku masu karɓar haske, wani ya fi jin ɓangaren ja, wani kore, wani shuɗi, ƙwaƙwalwa kuma tana gwama saƙonsu ta fitar da launi. In yaro ya ƙura wa jan ƙyalle ido na rabin minti, sannan ya kalli farar takarda, zai ga inuwar ƙyallen ta fito kore mai ratsin shuɗi. Masu jin ja sun gaji, sauran sun rinjaye su na ɗan lokaci. Da wannan wasa yaro yake gano da idonsa cewa kowane launi yana da kishiya: ja da kore, shuɗi da ruwan goro, rawaya da shunayya. Sai bayan haka ya dace a zana musu da'irar launuka, wadda asalinta ke komawa ga Isaac Newton na Ingila a 1704, a nuna musu kishiyoyi suna fuskantar juna, dangi kuma suna jere kafaɗa da kafaɗa.

Saura fenti. Ja yana cikin karan dafi, wanda dukawa suka daɗe suna rina fatar jar akuyar Sakkwato da shi. Rawaya tana cikin gangamau. Shuɗi yana cikin baba, ganyen da marinar Ƙofar Mata ta Kano ta yi suna da shi, in kuma bai samu ba bular wanki ta wadatar. Ga farar ƙasa, ga jar ƙasa, ga gawayi. Baƙi mai kyau yana fitowa in aka haɗa ruwan bagaruwa da ruwan tsamiyar da aka jiƙa ƙusoshi masu tsatsa a ciki, kusan yadda dukawa suke baƙanta fatar da aka jeme da bagaruwa. A zuba ɗan ruwan ƙaro a kowanne don ya kama, kamar yadda almajirai suke yi wa tawada. Bayan kwali ya isa takarda, asuwakin da aka daddaka bakinsa ya isa buroshi. Babba ne zai tanadi ruwan ƙusoshin da ruwan kanwar da za a yi amfani da shi nan gaba, a kuma ja wa yara kunne kada su kai baki ko ido.

Soborodo ya cancanci rana guda tasa. A raba ruwansa kofi uku. A matsa lemun tsami a na farko, jan zai ƙara haske. A bar na biyu yadda yake. A ɗiga ruwan kanwa a na uku, sai ya yi duhu ya karkata zuwa kore. “Malam, ya koma tsanwa!” Abin da za ka ji ke nan daga bayan aji. Sinadarin da ke ba soborodo launi ne yake sauya kama gwargwadon tsami ko kanwar ruwan. Gangamau ma in ya ji kanwa ja yake komawa.

Akwai wani wuri da yara da malamai suke yawan ruɗewa, kuma a ganina shi ne zuciyar darasin: bambancin cuɗa launuka da jera su. Fenti ba ya ƙirƙirar haske. Shanye wani ɓangare na hasken rana yake yi, ya maido wa ido sauran. Rawaya tana shanye shuɗi, shuɗi yana shanye ja, abin da ya tsira daga su biyun shi ne kore, shi ya sa cuɗa su ke ba da kore. In kuwa aka cuɗa kishiyoyi, ja da kore misali, kowanne zai shanye abin da ɗayan yake maidowa, sai a sami wani abu mai kama da laka. Amma a jera su gefe da gefe ba tare da sun cuɗu ba, kowanne zai ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. A sa kowane yaro ya yi duka biyun a kwali ɗaya, cuɗawa a hagu, jerawa a dama. Wanda ya yi wannan sau ɗaya ya fahimci abin da ya sa tumatir ya fi ɗaukar ido a kan ganyen latas.

Daga nan ne ake shiga dacewar launuka sosai. Hanya mafi sauƙi ga 'yan aji ɗaya da biyu ita ce launi ɗaya daga haske zuwa duhu: a ɗauki shuɗi a riƙa ƙara masa ruwa ko farar ƙasa, a jera matakai biyar. Sai ta dangi, inda yara za su tattaro ganyen dogon yaro da na shinkafa da na albasa da wanda ya fara rawaya, su jera su yadda ido zai bi ba tare da tuntuɓe ba. Ta kishiyoyi ce mai wuya, saboda a nan yawa da ƙaranci suke shigowa. Ja da kore rabi da rabi hayaniya suke yi. Launi a fili kamar gishiri ne a miya, mai ƙarfin kaɗan ake so.

Marubutan Alƙur'ani na ƙasar nan sun riga mu sanin haka. A Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa kuma aka binne shi a 1837, ba a rasa gidan da yara suka taɓa ganin rubutun hannu ba: baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza ɗigon rawaya, hamzatul wasli ɗigon kore. Baƙi ne ya mamaye shafin, ja ya bi shi, sauran ɗigo-ɗigo ne, shi ya sa ido yake hutawa kuma ba ya kuskuren alama. Zayyanar allon sauka ma haka take. Wannan yana warware wata damuwa ta iyaye da dama a Rabah da Wurno da Goronyo game da zanen mai rai. Darasin launi ba ya bukatar hoton mutum ko dabba. Zoben faifai, aikin hula, da adon bango sun wadatar har yaro ya gama aji shida.

Wajen duba aiki, malami ya guji cewa “wannan bai yi kyau ba”. Ya kafa kwalayen a bango, ya ja yara baya taku goma, ya tambaye su wane launi ne ya fara kiran idonsu, wanne ya ɓuya, me zai faru in aka rage wancan. Ya kuma lura da yaron da kullum yake ruɗa ja da kore duk da yana ƙoƙari. Akwai waɗanda aka haifa da haka, galibi maza, kuma bulala ba ta gyara shi. Irin wannan yaro a ba shi aikin haske da duhu, ko na shuɗi da rawaya, a rubuta masa sunan kowane launi a jikin gwangwaninsa, a kuma sanar da iyayensa cikin natsuwa.