Yadda A Ke Tsai Da Jirgi Da Anga

Ya ku manoman bakin Kwara, ku kasa kunne. Mutum ya kan yi wahalar noma shekara guda, ya loda shinkafa ko albasa cikin jirgi zuwa kasuwar Yawuri, sa'an nan ya yi hasarar duka cikin dare ɗaya, don kawai bai tsai da jirginsa yadda ya kamata ba. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, kogin nan ya zama tafki, har faɗinsa a waɗansu wurare ya fi mil 10. Saboda haka iskar hadari ta kan ta da igiyar ruwa mai ƙarfi, wadda turken da aka kafa a gaɓa ba ya iya riƙe jirgi a cikinta.

Maganin wannan shi ne anga, watau ƙarfe mai ƙugiya wanda a ke ɗaura wa igiya a sake shi ƙarƙashin ruwa. Ku sani, ba nauyinsa kaɗai ke riƙe jirgi ba, sai ya kwanta ya nutse cikin ƙasa. Laka da yashi su ne masu riƙo. A kan dutse santsi ya ke yi, cikin kututturan da ruwa ya rufe kuwa maƙalewa ya ke yi.

To, da farko ku nemi wurin da tudu ya kare iska, ku gwada zurfinsa da gora ko da igiya mai dutse. Ku juya goshin jirgi ya fuskanci iska. In jirgin mai zane ne wanda iska ke turawa, ku sauke zanen tukuna. Sa'ad da jirgi ya tsaya, ku saki anga sannu sannu daga goshi. Kada ku jefa shi, gama igiya za ta harɗe. Kada kuma ku ɗaura shi daga baya, domin ta nan ruwa ke shiga jirgi mai kaya.

Babban kuskure shi ne rowar igiya. In zurfin ruwa gaba 2 ne, ku saki igiya gaba 10, in kuwa hadari ya taso, gaba 14. Gajeriyar igiya tumɓuke anga ta ke yi. Ku tuna kuma, daga watan Agusta ruwa ƙaruwa ya ke yi, sai a daɗa tsawonta.

Bayan haka ku dubi itatuwa biyu a gaɓa, ɗaya bayan ɗaya. In kun ga sun rabu, anga yana jan ƙasa ke nan, sai ku cire shi ku sake sabon wuri. Da dare a rataya fitila, mutum guda kuma ya zauna a faɗake.

Hakimai da dagatai su taimaka, su umurci sarakunan jirgi su duba kowace igiya tun kafin damina, wadda ta ruɓe a sake ta. Kuɗin igiya kaɗan ne, amma rai ba shi da fansa. Allah ya kiyashe mu, amin.