Kogon Ruwa A Cikin Ƙashin Hannun Yara

Sau da yawa yaro kan yi 'yar faɗuwa wadda ba ta taka kara ta karya ba, amma sai a tarar hannunsa ya karye. Wani lokaci dalilin haka shi ne wani kogo cike da ruwa fatsi-fatsi da ke cikin ƙashin. Yayin da kogon ke faɗaɗa, bangon ƙashin kan sirance har ya koma kamar ɓawon ƙwai.

Masanin nan Bajamushe, Rudolf Virchow, ya bayyana wannan larura tun a 1876. Ta fi samun yara 'yan shekara 5 zuwa 15, musamman maza. Galibi kogon kan fito a saman ƙashin damtse ko na cinya. A ƙasusuwa biyu na sangalin hannu, wato tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, ba kasafai ake samunsa ba, shi ya sa ba a cika zarginsa a can ba.

Wannan kogo ba ciwon daji ba ne, ba ya kuma bazuwa zuwa sauran jiki. Yawanci ba ya zafi, sai karaya ta tona asirinsa. Hoton ƙashi ne ke nuna shi. Idan ƙarami ne, likita kan sa ido kawai. Idan babba ne, akan zuƙe ruwan a yi masa allura, ko a kankare shi a cike gurbin da ƙashi. Yakan dawo, amma galibi yakan toshe idan yaro ya gama girma.

Saboda haka, duk yaron da ƙaramar faɗuwa ta karya, ya kamata malamai da iyaye su kai shi asibiti a ɗauki hoto, domin hannun maɗori ba ya ganin cikin ƙashi.